Sirrin mutane a hannun mai bincike: tambayoyi da amsoshi

Wata safiya na sayi ƙosai a bakin hanya, aka ƙunshe mini shi a wata takarda da mai ya jiƙa. Ina warwarewa sai idona ya faɗa kan rubutun. Takardar tambayoyi ce ta wani bincike kan tazarar haihuwa, an cike ta da biro. Ga sunan matar, ga unguwarsu, ga yawan cikin da ta yi da wanda ya zube, har da amsar da ta bayar da aka tambaye ta ko maigidanta ya san tana shan ƙwaya. Ta ce bai sani ba. Unguwar da aka rubuta ba ta kai tafiyar minti goma daga inda nake tsaye ba, kuma ko shakka babu akwai maƙwabtanta a cikin masu sayen ƙosan nan.

Wanda ya yi wannan bincike ba mugu ba ne. Ya gama kundinsa, ya karɓi sakamako, ya bar buhun takardu a wani lungu, wani kuma ya sayar da su a kilo. Da haka asirin mutane ya fi tonuwa a wajenmu, ta hanyar sakaci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da abokan aiki suka fi yi mini.

Wai mene ne "bayanan mutum"? Suna da lambar waya ne kawai?

Duk abin da za a bi a gano ko wane ne mutum, shi kaɗai ko in an haɗa shi da wani abu. Suna, lambar waya, lambar NIN, lambar katin asibiti, lambar rajistar ɗalibi, hoto, muryar da aka naɗa, zanen yatsa, har wurin da waya ta nuna an tsaya a taswira. Dokar Najeriya ta ware wasu ta ce sun fi sauran haɗari: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, abin da ya shafi shimfiɗarsa, da bayanan ƙwayoyin halittarsa. Dalilin a fili yake. In lambar wayarka ta fita, iyaka 'yan damfara su dame ka da kira. Amma in ya fita cewa budurwa tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ko saurayi ya taɓa kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, aure ne zai fasu, wani lokacin har na ƙannensu.

Malam, ai na cire sunaye gaba ɗaya. Ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a tsaya a kanta, domin a nan masu kyakkyawar niyya suke faɗawa rami.

A tsakiyar shekarun 1990, hukumar inshorar ma'aikatan jihar Massachusetts a Amurka ta saki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar don masu bincike. An goge sunaye da adireshi, gwamnan jihar na lokacin, William Weld, ya tabbatar wa jama'a cewa sirrinsu a rufe yake. Sai wata ɗaliba mai suna Latanya Sweeney ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin da gwamnan yake zaune a kan dala 20. Ta jera rajistar kusa da bayanan asibitin. Mutum shida ne kawai a garin suke da ranar haihuwa irin ta gwamnan, uku daga cikinsu maza, kuma ɗaya ne tak yake zaune a yankin lambar gidan wayarsa. Ta ciro takardun asibitin gwamna ta aika masa ofis. Daga baya ta lissafa cewa kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa za a iya ware kowannensu da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi, da lambar gidan wayar unguwarsa.

To wannan a ƙasar da maƙwabci bai san maƙwabci ba ke nan. Mu da muke zaune inda kowa ya san kowa har kakanni fa? Ka rubuta: "Wata ungozoma mai shekara 62 a ƙauye kaza, mata ta uku a gidan mijinta, ta ce ma'aikatan asibitin garin suna sayar da maganin da aka kawo kyauta." Ba ka faɗi suna ba, amma ungozoma nawa ce a ƙauyen? Yaro ɗan shekara bakwai zai kai ka ƙofar gidanta. Haka "limamin Juma'a na garin", haka "shugabar makarantar 'yan mata ta ƙaramar hukumar", haka "mace ɗaya tilo da ke koyarwa a sashen". Muƙami suna ne, sana'ar da ba ta da yawa suna ce, har salon magana ma suna ne, domin akwai mutanen da in ka kawo kalamansu yadda suka faɗa, duk garin zai ce ai wannan bakin wane ne.

To yaya ake ɓoye mutum ɓoyewa ta gaskiya?

Tun kafin a fita fili ake farawa: abin da ba ka buƙata, kada ka tambaya. Ɗalibai da yawa suna sa gurbin suna da lambar waya a saman takardar tambayoyi don kawai sun ga na gabansu sun sa. In bincikenka bai buƙatar ka koma wajen mutum, me za ka yi da lambarsa? In shekaru kake so, tambayi rukuni, kamar 30 zuwa 39, ka bar ranar haihuwa.

In kuwa dole ne ka riƙe sunaye, ba kowa lamba. Lambar ce za ta hau takardar amsa da muryar da ka naɗa. Jerin da ya haɗa lamba da suna a ajiye shi daban, a wani wuri, a kulle, kuma waɗanda za su iya buɗe shi kada su wuce kai da malamin da ke duba aikinka. Takardun yarda da mutane suka sa wa hannu su ma kada a maƙala su jikin takardun amsa.

Wajen rubutu kuma sai ka faɗaɗa. Ƙauye ya koma "wani ƙauye a kudancin jihar", ungozoma ta koma "wata dattijuwa mai taimaka wa mata". A jadawali, duk gurbin da ya rage mutum biyu ko uku a haɗe shi da na kusa da shi. Manyan masu bincike ma haka suke yi. A binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa, wanda aka fara yi a Najeriya a 1990, da gangan ake gusar da alamar wuri a taswira kafin a saki bayanai: har zuwa kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, wasu 'yan kaɗan har kilomita 10, don kada a bi alamar a isa gidajen da aka shiga.

Akwai dokar da ta yi magana a kan wannan, ko dai nasiha ce kawai?

Akwai. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tarar da ke cikinta takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai. A fannin lafiya akwai kundin ɗa'ar bincike na 2007 da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, ya fitar, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya da neman yardar mutum kafin a yi bincike a kansa.

Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2017, tana kuma da hukumar kare bayanai mai suna HAPDP. Gana ta riga mu duka, tun 2012. In kuma aikinka na haɗin gwiwa ne da wata jami'a a Turai, za su tilasta maka bin dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu na 2018.

Ga Musulmi dai maganar ta girmi duk waɗannan. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ya zo a hadisi cewa in mutum ya faɗa maka magana sannan ya waiga, to maganar nan amana ce. Duk wanda ya taɓa yin hirar bincike ya san wannan waigen.

Ni fa ɗalibin digirin farko ne, mutum hamsin kawai zan tambaya. Har ni?

Har kai. Dokar ta keɓe abin da mutum ya ajiye don harkar kansa da ta gidansa, kundin digiri kuwa ba ya ciki. Matar da ke jikin takardar ƙosan nan ba ruwanta da ko digirin farko ne ko na uku.

Mai unguwa ya ba ni izini, maigidan ma ya ce in shiga. Sai na sake neman yardar matar?

Ƙwarai kuwa. Izinin dagaci ko mai unguwa na shiga gari ne, izinin maigida na shiga gida ne, kuma duk biyun wajibi ne a al'adarmu, wanda ya tsallake su ba zai ji daɗin aikinsa ba. Amma labarin da za a bayar na matar ne, ita ce za ta ce e ko a'a.

Matsalar ita ce kunya da kara. Baƙo ya zo, yaron mai unguwa ne ya rako shi, maigida yana zaure. Wace mace ce za ta buɗe baki ta ce ba ta so? Za ta sunkuyar da kai ta ce "to", ko ta yi shiru. Mu kan ce shiru ma amsa ce, amma dokar 2023 ta faɗa ƙarara cewa shiru ba yarda ba ne, kuma a nan ina bayan dokar. Aikin mai bincike ne ya buɗe mata ƙofar ƙi: a sallami ɗan rakiya, a gaya mata da Hausar da take ji cewa in ta ƙi ba wanda zai sani, ba abin da za a hana ta a asibiti ko wajen rabon tallafi, kuma tana iya tsayawa a tsakiyar hira ko ta tsallake tambayar da ba ta so. Ka faɗi ko kai wane ne, me za ka yi da maganarta, wa zai ji muryar da ka naɗa, har yaushe za ka ajiye ta. Kada kuma ka bari a ɗauka kai ma'aikacin gwamnati ne mai rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako. Mutane da yawa don haka suke ba da suna da lamba da gudu, mai binciken kuma ya yi gum saboda hakan ya sauƙaƙa masa aiki. Wannan yaudara ce ko da bai furta ƙarya ba.

Mutanen Kano sun san abin da rashin bayani yake haifarwa. A 1996, lokacin da sanƙarau yake ta kwasar yara, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a kan yara kusan 200, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce an nemi yardarsu da baki. Shari'a ta ja har 2009, da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan, da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Duk mai binciken da ya shiga ƙauye a yau yana tafe ne a kan sawun waɗanda suka riga shi, na bayansa kuma a kan nasa sawun zai taka.

Wanda bai iya karatun boko ba fa, yaya zai sa hannu?

A karanta masa a gaban shaidan da shi ya zaɓa, ba ɗan tawagarka ba, sannan ya dangwala yatsa ko ya rubuta sunansa da ajami. Takardar ta kasance da Hausa ta gari, ba fassarar da ko kai sai ka koma Turancin kafin ka gane ba. Akwai kuma binciken da sa hannun kansa shi ne haɗarin, misali hira da masu shaye-shaye ko tubabbun 'yan daba, inda takardar yarda ce kaɗai za ta haɗa mutum da aikin. A irin wannan sai ka nemi kwamitin ɗa'ar bincike ya amince maka da yardar baki. Kwamitin ne zai yanke, ba kai ba.

A gidajenmu ba a samun keɓewa. A ina zan yi hirar?

Gaskiya ne. Ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kafin ka gama gaisuwa kishiya ta matso da tsintar shinkafarta, uwar miji ta leƙo, yara sun yi da'ira. Duk amsar da aka ba ka a haka ta masu sauraro ce, ba taka ba, kuma in matar ta kuskura ta faɗi gaskiya, ita za ta kwana a gidan bayan ka tafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan binciken cin zarafin mata a gida, kuma dabarunsu suna da amfani a wasu fannonin. Mace ɗaya kawai ake tambaya a kowane gida, don kada sauran su san irin tambayoyin. Ana gabatar da aikin ga mutanen gida a matsayin binciken lafiyar mata. Mai tambaya tana riƙe da wasu tambayoyi na daban marasa nauyi, da zarar wani ya shigo sai ta juya kansu. In keɓewa ta gagara, a ɗage hirar.

A kula da tafinta da mataimaka ma. Ɗaukar ɗan gari yana sauƙaƙa shiga, amma shi zai ci gaba da zama a majalisar garin shekara da shekaru da abin da ya ji a cikinsa. Ga batu mai nauyi, gara mataimaki daga wani gari. Hirar rukuni kuwa, kada ka yi alkawarin sirri a cikinta, domin ba ka da iko da bakin mutum takwas. Ka gaya musu haka tun farko.

A sashenmu dole ne a jera sunayen waɗanda aka yi hira da su a ƙarshen kundi. Yaya ke nan?

Wannan al'ada ce mai tushe a sassan tarihi da na harsunan Najeriya: "Hira da Malam wane, mai shekara 75, a gidansa da ke unguwa kaza, ranar kaza." Tana da hujja. Tarihin baka ba ya tsayuwa sai an san daga bakin wa ya fito, kuma dattijon da ya ba da tarihin masarauta ko na sana'ar ƙira haƙƙinsa ne a ambace shi, ɓoye sunansa ma tauye shi ne.

Amma an gina al'adar ce a zamanin da kundi yake kwanciya a kantar ɗakin karatu, ƙura ta rufe shi. Yanzu jami'o'i suna ɗora kundaye a intanet, kowa yana iya rubuta sunan mutum ya gan shi. In batunka bori ne, ko karuwanci, ko rikicin sarauta, ko rigimar manoma da makiyaya, jerin nan ya zama jerin waɗanda za a nema. Shawarata: a tambayi kowane mutum ko yana son a ambaci sunansa, bayan an gaya masa cewa aikin zai iya hawa intanet. Waɗanda suka ƙi, da waɗanda kai ka ga ambatonsu zai cuce su ko da sun yarda, a ba su sunan aro, a nuna wa masu jarrabawa jerin gaskiya a keɓe. Ka tayar da maganar tun lokacin kare tsarin bincike, kada ka bari sai an zo ɗaure kundi.

Zan iya yi wa mutum alkawarin cewa ba wanda zai taɓa jin abin da ya gaya mini?

Kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. Daga 2001 Kwalejin Boston ta Amurka ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa, bisa alkawarin ba za a saki muryar kowa ba sai bayan ransa. Mutane suka saki jiki suka faɗi abin da suka aikata. A 2011 'yan sandan Ireland ta Arewa, ta hannun gwamnatin Amurka, suka nemi faya-fayan saboda binciken kisan wata uwar 'ya'ya goma da aka sace a 1972. Kotu ta sa aka miƙa wasu. A 2014, kan batun wannan kisa, aka kama Gerry Adams, jagoran jam'iyyar Sinn Féin na lokacin, aka tsare shi kwana huɗu kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Waɗanda suka yi magana kuma suka shiga fargabar rayukansu.

Duk mai bincike a kan Boko Haram, ko 'yan bindigar Zamfara da Katsina, ko safarar makamai a kan iyaka, ya riƙe wannan labari. Abin da ba ka rubuta ba, ba mai ƙwace shi. Kada ka tambayi sunan gaskiya, kada ka naɗi murya in rubutu zai wadatar, ka kuma gargaɗi mutum tun farko kada ya ambaci sunan kowa ko ya ba ka bayanin wani laifi takamaimai. Shingen jami'an tsaro ma abin lissafi ne: wayar da za a iya cewa ka buɗe a hanya ba wurin ajiyar irin wannan hira ba ce.

A ina ya kamata in ajiye bayanan?

Bari in fara da inda suka fi zubewa. Shagon buga takardu: ɗalibi ya kai hirarrakinsa a buga masa, ya karɓi nasa ya tafi, kwafi ya zauna a kwamfutar shagon, wani lokaci har a sayar wa wani ɗalibin. In dole sai an buga maka, cire sunaye tukuna, ka tsaya a goge a gabanka. Sai WhatsApp: saƙon a kulle yake tafiya, amma hoton fayil ɗin mara lafiya da ka tura wa abokin aiki ya sauka a ma'ajiyar hotunan wayarsa, inda 'ya'yansa suke wasa, kuma kwafin da waya take ajiyewa a Google Drive ba a kulle yake irin wancan kullewar ba sai in mutum ya kunna da kansa. Sai filasha mai yawo daga hannu zuwa hannu.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Kalmar sirri mai ƙarfi a waya da kwamfuta. A kulle ma'ajiyar kwamfutar da manhajar BitLocker ko VeraCrypt, yadda ko an sace ta ba za a iya karantawa ba. Masu tattara bayanai da manhajar KoboToolbox ko ODK su kunna tsarin kulle fom. A kwashe murya daga waya a ranar da aka naɗa. Takardu kuma a akwati mai kwaɗo.

Sabon abin da ya shigo shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ɗora muryar hira ko rubutunta a kansu don su fassara ko su taƙaita daidai yake da miƙa ta ga wani kamfani a wata ƙasa. In ba ka gaya wa masu amsa za ka yi haka ba, kada ka yi, in kuma za ka yi, sai bayan ka tsabtace rubutun daga duk abin da zai nuna mutum.

Abin da mutane suka rubuta a Facebook ai a bainar jama'a yake. Ba zan iya kwasa ba?

Wanda ya yi magana a majalisar ƙofar gida ya san ana jin sa, amma bai yi don a buga a jarida ba. In ka kwafi jimlar mutum kalma da kalma, duk wanda ya sa ta a gurbin nema zai gan shi, ko da ka ɓoye sunan. A ƙasar da magana ɗaya kan addini ko siyasa take iya jawo wa mutum kamu ko farmaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar gwamna ko fitaccen malami a shafinsa daban, ta talaka mai mabiya ɗari biyu daban. Ta biyun a sake mata kalmomi ko a nemi izininsa. Zauren WhatsApp ko rufaffen zaure kuwa ba bainar jama'a ba ne sam.

Badaƙalar Cambridge Analytica da rigar bincike ta shigo. Wani malamin Jami'ar Kambirij, Aleksandr Kogan, ya yi manhajar gwajin ɗabi'a da mutum kusan 270,000 suka yi amfani da ita, ta nan aka zuƙi bayanan abokansu, har mutum miliyan 87 a ƙiyasin Facebook, aka miƙa wa Cambridge Analytica, kamfanin yaƙin neman zaɓe. Asiri ya tonu a 2018, a 2019 kuma hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Ina da bayanai ko jinin da aka tattara don wani bincike. Zan iya yin wani aikin da su?

Ya danganta da abin da aka gaya wa masu su. Ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona ta ba masu binciken Jami'ar Jihar Arizona jini daga 1990, a kan za a duba ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali, da auren zumunci, da asalin ƙabilar, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000, ta mayar musu da jininsu. Ka ga a nan ba sirrin mutum ɗaya aka taɓa ba, sunan al'umma ne gaba ɗaya. Haka in ka buga cewa ƙauye kaza ya fi ko'ina yawan masu wata cuta, ka ɓata wa 'yan matan garin aure ba tare da ka ambaci ko ɗaya ba.

Koma wa kwamitin ɗa'a kafin ka taɓa tsofaffin bayanai ko fayilolin asibiti. Fitar da jini ko wani samfur zuwa waje kuma sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi abin da za a yi da shi.

Yara fa, musamman almajirai da iyayensu suke nesa?

Wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, sannan shi ma yaron a tambaye shi, in ya ƙi a ƙyale shi. A tsangaya malam ne mai riƙo, amma a tuna yaro ba zai iya ƙin abin da malaminsa ya amince da shi ba, kuma ba zai faɗi damuwarsa a gabansa ba. Hotunan fuskokinsu da ake cika kundaye da rahotanni da su kuwa, ban ga abin da suke ƙara wa ilimi ba.

An sace mini kwamfuta da bayanan mutane a ciki. Me zan yi?

Ka faɗa a ranar, ga malaminka da kwamitin ɗa'a. Dokar 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC in abin zai iya cutar da mutane, in haɗarin babba ne kuma su ma masu bayanan a sanar da su ba tare da jinkiri ba. Canza kalmomin sirrin imel da ma'ajiyarka ta intanet nan take. Na san tsoron faɗa yake sa ɗalibai yin shiru, amma mutumin da aka gaya wa da wuri yana iya yin shiri.

Ni ne aka zo tambaya. Mene ne haƙƙina?

Baba, ko Hajiya, kuna da ikon tambayar mai binciken sunansa, makarantarsa, da takardar izinin da aka ba shi. Kuna iya ƙi, kuna iya tsallake tambaya, kuna iya hana ɗaukar hoto ko murya. Bayan an gama ma kuna iya cewa a nuna muku abin da aka rubuta, a gyara kuskure, ko a cire ku. Ku karɓi lambar da za ku kira. Kuma babu binciken ilimi da yake buƙatar lambar BVN ɗinku ko lambar sirrin katin banki. Duk wanda ya nemi wannan, ku sallame shi.

Na gama, an ba ni sakamako. Yaya zan yi da buhun takardun?

Duba tsawon lokacin da jami'arka ko masu ba da kuɗin binciken suka ƙayyade, wasu shekara biyar, wasu goma, da kuma abin da ka yi wa mutane alkawari. A tsawon lokacin su zauna a kulle. Jerin da ya haɗa suna da lamba shi ne farkon abin da za a lalata, da zarar buƙatarsa ta ƙare. Muryoyi a goge su daga waya, da kwamfuta, da imel, da wayoyin mataimakanka. Kafin ka sayar da waya ko kwamfuta, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, domin gogewa ta yau da kullum ba ta hana a dawo da fayil.

Takardu kuwa a yayyanka su da inji ko a ƙona. Kada ka ba masinja ko ƙaninka ka ce ya ƙona maka, takarda tana da masu saye a kasuwa. Ka haƙa rami a bayan gida, ka zuba kananzir, ka riƙa juyawa da sanda, domin tsakiyar tulin takarda ba ya cin wuta da kansa, ka tsaya a wurin har sai ta zama toka.